A tambayi cif ɗin da ke ciki kafin a ce Linux zai hau

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon fili a shafin wasiƙu domin mu warware wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ɗaliban injiniya, masu gyaran na'urori, har da wasu jami'an da ke sa hannu a takardun kwangila. Maganar ita ce wai Linux kyauta ne kuma buɗaɗɗe, don haka duk na'urar da aka samu ana iya ɗora mata shi a huta da kuɗin lasisi. Rabin maganar gaskiya ne. Ɗaya rabin shi ne ke cinye wa ɗalibi zangon karatu guda, ya kuma bar ma'aikata da ɗaki cike da na'urorin da ba mai iya sabunta su.

Ba kwamfutar tebur ko laftof muke nufi ba. Muna nufin na'urorin da kwamfutarsu ke ɓoye a ciki: rauta, na'urar POS, mitar wuta ta kati, kyamarar tsaro, akwatin talabijin mai Android. A cikin kowace akwai cif guda, wanda masu gyara ke kira aisi, da ya haɗa ƙwaƙwalwa, sashen zana hoto, hanyoyin USB da sauransu. Mafi yawansu ƙirar ARM ne. Shi ARM zane yake sayar wa kamfanoni irin su Allwinner, Rockchip, Amlogic, MediaTek, NXP, Texas Instruments da Broadcom, kowanne ya kewaye zanen da nasa kayan yadda ya ga dama. Daga nan matsalar ta samo asali.

A fara cire waɗanda tun asali ba na Linux ba ne. Cikakken Linux yana bukatar wani sashe a cikin cif mai suna MMU, wanda ke ba kowace manhaja nata filin a cikin RAM, ya hana ta tsallakawa gonar wata. Dangin Cortex-M, wato ƙananan ƙirar ARM, ba su da shi. STM32F103C8, wanda ke kan ɗan shuɗin bod ɗin nan da ɗalibai ke yawan saye, RAM ɗinsa kilobayit 20 ne. RP2040 yana da 264, ESP32 na asali, wanda ba ƙirar ARM ba ne, yana da 520. Linux kuwa, ko an yi masa aski har ƙeya, megabayit yake nema. Akwai hanyar gina shi ba tare da MMU ba, amma sai an ƙara RAM na waje, manhajoji da yawa ba za su yi aiki ba, kuma kuskure ɗaya na iya kayar da komai. Irin waɗannan cif suna da nasu buɗaɗɗun manhajojin da aka ɗinka daidai jikinsu: FreeRTOS, Zephyr, NuttX. Mai son auna zafin ɗakin kaji ya aika lamba ta waya ba shi da bukatar Linux ko kaɗan.

Waɗanda ke da MMU, wato dangin Cortex-A, su ne ke ba da wahala ta gaske. Dalilin da ya sa filashi guda mai ɗauke da Ubuntu ke tashi a kan laftof ɗin HP ya kuma tashi a kan na Dell shi ne kwamfutoci sun gaji tsari ɗaya tun zamanin IBM PC. BIOS ko UEFI yana tayar da na'ura, teburan ACPI suna faɗa wa Linux abin da ke ciki, kayan da ke kan PCI da USB kuma suna ambaton sunansu da kansu idan an tambaye su. A ƙaramin bod babu wannan. Abin da aka jona ta I2C ko SPI, wato ƙananan layukan sadarwa na kan bod, ba ya gabatar da kansa. Idan ba a gaya wa Linux cewa akwai agogo a adireshi kaza, a kan ƙafafu kaza, yana shan wuta daga layi kaza ba, to a wurinsa babu agogon.

Tun kafin a kai ga Linux ɗin ma akwai matakala. Da an kunna wuta, wata 'yar manhaja da aka ƙona a cikin cif tun daga masana'anta ce ke fara aiki, kuma ba ta canzuwa. A wannan lokacin babban RAM bai farka ba, sai ɗan ƙaramin SRAM na cikin cif. Don haka sai ta ɗauko ɗan guntun mataki na biyu, wanda a yawancin cif ɗin Allwinner bai wuce kilobayit 32 ba. Shi ne zai daidaita RAM, sannan ya ɗauko U-Boot, babbar manhajar tashi, shi kuma ya ɗauko kanel, wato zuciyar Linux. Kowane kamfani da inda yake neman wannan guntu. Allwinner yana duba kilobayit na 8 daga farkon memori, wato katin SD. Rockchip yana duba sekta ta 64, wato kilobayit na 32, sauran U-Boot kuma an saba ajiye shi a sekta ta 16384. Ka rubuta fayil mai kyau a wurin da ba nasa ba, bod zai yi tsit kamar ya ƙone. Akwai ma wani tarko: teburin rabon faifai irin na GPT yana mamaye kusan kilobayit 17 na farko, ya hau kan wurin da Allwinner ke dubawa. Mafita ita ce a yi amfani da tsohon tsarin MBR, ko a sababbin cif ɗin kamfanin a rubuta a kilobayit na 128, domin suna duba nan ma.

Jerin inda cif ke dubawa shi ma yana da muhimmanci ranar da abu ya lalace. Allwinner memori yake fara dubawa, saboda haka ko an ɓata abin da ke cikin eMMC, wato ma'ajiyar da ke manne a kan bod, memori mai kyau zai ceci bod, in duk sun gaza kuma ya faɗa yanayin FEL a tayar da shi ta USB. RK3399 na Rockchip kuwa ƙaramin filash ɗin da ke kan SPI yake fara dubawa, sai eMMC, memori ne na ƙarshe. Idan aka rubuta gurguwar manhajar tashi a eMMC, zai riƙe ta ya ƙi kallon memorin. Sai an buɗe akwati an haɗa layin agogon eMMC da ƙasa na ɗan lokaci da ɗan hantsaki, domin cif ya ɗauka babu komai a wurin ya koma yanayin Maskrom, inda shi ma ake tayar da shi ta USB. Wanda hannunsa ke rawa ya taɓa ƙafar da ba ita ba, ya yi asarar bod.

Shi ya sa muke cewa duk wanda zai shiga wannan aiki ya fara sayen adaftar USB zuwa UART, wadda ke nuna saƙonnin tashin bod a kwamfuta, kafin ya sayi komai. Waya uku ake jonawa: ƙasa da ƙasa, TX na bod zuwa RX na adafta, RX zuwa TX. Wayar wuta ba a jona ta. A tabbatar adaftar na kan bolt 3.3 ba 5 ba, a kuma auna, domin wasu bod ɗin 1.8 suke amfani da shi. Saurin da aka saba shi ne 115200, amma Rockchip yana amfani da 1500000, wanda tsohuwar adafta mai CP2102 ba ta kai shi, sai ta riƙa zubo haruffa marasa ma'ana. Mai CH340 ko FT232R tana kaiwa. Ba tare da wannan waya ba, mutum ba zai san ko a RAM aka tsaya, ko a U-Boot, ko kanel ya tashi allo ne kawai bai kawo hoto ba.

A matakin daidaita RAM ne buɗaɗɗiyar manhaja ke fara cin karo da ƙofa a kulle. RAM irin DDR4 da LPDDR4 sai an horar da layukansa duk lokacin da aka kunna, a auna jinkirin kowace waya. Kamfanoni da dama ba sa sakin rubutun da ke yin wannan aiki, dunƙule rufaffe kawai suke bayarwa. RK3588 da dunƙulen Rockchip ake tayar da RAM ɗinsa. Dangin i.MX8M na NXP ma suna bukatar rufaffen fayil na horar da DDR. Shi kansa Raspberry Pi, da ake ɗauka sarkin buɗaɗɗun bod, a samfurinsa na farko har zuwa na huɗu sashen hoto na VideoCore ne ke fara tashi da rufaffiyar manhaja kafin ya saki ƙwaƙwalwar ARM. Ba mu ce wannan ya hana aiki ba. Amma in akwai kuskure a cikin dunƙulen, ko aka canza samfurin RAM da bai sani ba, babu abin yi sai jiran kamfani. Kuma RAM da bai daidaitu sosai ba mugun ciwo ne: bod zai tashi lafiya, ya yi kwana biyu, sannan ya daskare ba dalili. A bar memtester, manhajar gwajin RAM, ya yini ya kwana a kai, a cikin zafi, kafin a yarda da shi. In ya nuna kuskure, a rage saurin RAM a U-Boot.

Sai bishiyar na'urori, fayil ɗin da ake rubutawa a matsayin .dts a juya shi zuwa .dtb. Shi ne taswirar da ke maye gurbin ACPI. Kafin zuwansa kowane bod na ARM yana da nasa rubutun a cikin kanel, har abin ya ishi Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, a 2011 ya yi wa masu kula da sashen ARM faɗa a fili. Daga nan aka koma ga wannan tsari da aka aro daga PowerPC. Ya kawo sauƙi, amma taswirar ta bod ce, ba ta cif kaɗai ba. Bod biyu masu cif iri ɗaya na iya bambanta a ƙafar da ke kunna wutar USB ko a mai daidaita wutar ƙwaƙwalwa. Alamomin kuskure a nan suna da ruɗarwa. Idan bod ya tashi ya yi kamar daƙiƙa 30 sannan wani sashe ya mutu, a duba layukan wuta: kanel yana kashe duk layin da bishiya ba ta nuna mai amfani da shi ba, sai an rubuta masa regulator-always-on. Idan wayar intanet ta nuna ta haɗu a gigabit amma bayanai na zubewa a hanya, galibi jinkirin RGMII, hanyar da ke haɗa cif da sashen wayar intanet, ne ba a saita ba, bambancin rgmii da rgmii-id kawai. Idan bod na daskarewa da zarar aiki ya yi nauyi, mai yiwuwa an ba ƙwaƙwalwa izinin ƙara gudu ba tare da wutar da ta dace da gudun ba. Ana iya zaro .dtb daga manhajar da na'urar ta zo da ita a buɗe shi da manhajar dtc don a ga ƙafafu, amma ba a ɗora shi kai tsaye a kan sabon kanel, domin sunayen da kamfani ke amfani da su daban suke da na babban reshe, wato ainihin Linux.

Malam Edita, duk abin da muka lissafa aikin haƙuri ne, mai naci zai wuce shi. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Babbar matsalar ita ce kanel ɗin kamfani. Idan kamfani zai fitar da sabon cif, yakan ɗauki Linux na wannan lokacin, ya lafta masa dubban faci domin cif ɗin ya yi aiki, ya miƙa wa masu haɗa na'ura, ya wuce zuwa cif na gaba. Facin nan ba ya kai su babban reshe, wato ainihin Linux da ake fitar da sabo duk bayan mako tara ko goma, domin can sai an tace rubutu, an ce a gyara, an sake dawowa, abin da kan ci watanni. Ga shi kuma Linux bai yi wa direbobin da ke waje, wato manhajojin da ke sarrafa sassan cif, alkawarin tsayawa wuri ɗaya ba. Hanyoyin cikinsa suna canzawa, wanda ke cikin gida a gyara shi tare da kowa, wanda ke waje a bar shi a baya.

Sakamakon a bayyane yake. Allwinner H3 ya zo da kanel 3.4, wanda ya fito a 2012 aka daina kula da shi a 2016. Amlogic S905 ya zo da 3.14. RK3399 ya daɗe a kan 4.4, wanda ya fito a 2016 aka rufe shi a farkon 2022. Har yau ana sayar da sababbin na'urori a kwali masu ɗauke da irin waɗannan. Duk wata ɓarakar tsaro da aka gano bayan nan tana nan a buɗe. Wani lokacin ma ɓarakar daga kamfanin take: a 2016 masu aikin Armbian, tsarin Linux na ƙananan bod, suka gano cewa a kanel 3.4 na Allwinner da ke kan H3 da A83T, rubuta kalma ɗaya, rootmydevice, a cikin wani fayil na gwaji ya isa ya ba kowace manhaja cikakken iko a kan na'urar. Dokar lasisin GPL ta 2, wanda shi ne lasisin kanel, ta wajabta wa duk mai rarraba Linux ya ba da rubutun asali, ko ya yi alkawari a rubuce na bayarwa har tsawon aƙalla shekara uku. Amma wa zai bi haƙƙinsa a kan akwatin da ko sunan wanda ya ƙera shi babu a jiki?

Abin da kamfani ya ƙi yi, 'yan sa kai ne da ƙananan kamfanoni ke yi, ta hanyar leƙen yadda rufaffen direba ke magana da cif suna kwaikwaya. Aiki ne mai cin shekaru. Sashen hoto na ARM mai suna Mali-400 ya fito a 2008, amma buɗaɗɗen direbansa, Lima, sai a Linux 5.2 a 2019 ya shiga babban reshe, tare da Panfrost, direban sababbin sassan hoto na dangin Mali. Sashen kunna bidiyo na Allwinner sai da kamfanin Bootlin na Faransa ya yi gangamin neman taimako a 2018, jama'a suka tara sama da yuro 30,000, kafin a kammala direban Cedrus a kai shi babban reshe. Bod masu RK3588 sun shiga kasuwa a 2022 da kanel 5.10 na kamfani. Direban hotonsa, Panthor, ya shiga a 6.10 a 2024, HDMI kuma sai a 6.13 a farkon 2025. Wato sau da yawa cif yakan samu cikakken tallafi ne a daidai lokacin da ya fara tsufa. Mai neman sabon cif mafi gudu shi ne zai fi shan wahala. Kada kuma a yi zaton RISC-V, ƙirar da ke gogayya da ARM, ya kawo ƙarshen wannan don zanen umarninsa a buɗe yake. Allwinner D1 na 2021, mai ƙirar RISC-V, ya fito da daftarin tsarin bekta na 0.7.1, wanda bai dace da na 1.0 da aka amince da shi daga baya ba, kuma abin da ke kewaye da ƙwaƙwalwar yana nan a hannun kamfani kamar da.

A kasuwanninmu akwai ƙarin wani abu: sunan da ke jikin kwali ba ya faɗin abin da ke ciki. Akwatin da ake kira MXQ Pro 4K an sayar da shi da Amlogic S905W, an sayar da shi da Rockchip RK3229, an sayar da shi da Allwinner H3, duk a riga ɗaya. Wasu kuma an gyara musu Android ya riƙa nuna RAM da ya fi na gaskiya. Cif ɗin wayafai na ciki ma canzawa yake daga kaya zuwa kaya, wasu kamar SSV6051 ba su da direba a babban reshe. A 2023 an gano akwatunan T95 masu Allwinner H616 da suka fito daga kwali da muguwar manhaja a ciki. Ko a wurin sanannun kamfanoni sai an karanta lambar samfur da ke ƙasan na'ura: TL-WR841N na TP-Link samfur na 9 cif ɗin Qualcomm Atheros ne a ciki, na 13 kuwa MediaTek. Fayil ɗin ɗaya ba ya hawa kan ɗayan. Mai son ɗora OpenWrt, wato Linux na rauta, ya sani cewa an daina tallafa wa rauta mai filash megabayit 4 da RAM 32 bayan fitowar 19.07, yanzu 16 da 128 ake ba da shawara. Kuma kafin a taɓa komai a kwafe sashen filash da ke ɗauke da ma'aunin rediyo, wanda ake kira ART a Atheros, factory a MediaTek. Na kowace rauta daban ne, an auna shi a masana'anta. In ya goge, wayafai ya tafi ko ya raunana.

Ko an samu komai ya tashi, sai yanayinmu ya ce ga ni nan. Linux irin na tebur yana rubuce-rubuce a faifai ba dare ba rana. Memori da eMMC suna da nasu ɗan mai sarrafawa a ciki da ke jujjuya bayanai, in NEPA ta ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, abin da zai lalace ba lallai ya zama fayil ɗin da ake rubutawa ba. Na'urar da za a kafa a asibitin karkara ko gidan ruwa bai kamata a ɗora mata tsarin tebur haka nan ba. A sa tushen manhaja a squashfs, wanda karantawa kawai ake yi, a tura rubutun yau da kullum zuwa RAM, a ware sashe daban don bayanan da dole a adana. A yi sashe biyu na manhaja, A da B, yadda in sabuntawa ta katse U-Boot zai koma tsohuwar. RAUC, SWUpdate da Mender duk don wannan aka yi su. A kunna mai gadin cikin cif da ke sake tayar da na'ura idan ta daskare. Memori kuma a gwada shi da f3 ko H2testw kafin amfani, domin na jabu da ke nuna gigabayit 64 alhali cikinsa bai kai ba ya yi yawa.

Caja ma haka. Raspberry Pi 4 yana son bolt 5 da amfiya 3, yana kuma fara kuka da zarar wuta ta sauka ƙasa da 4.63. Siririyar wayar caja kaɗai ta isa ta jawo haka, a ɗora laifin a kan Linux. Zafi kuwa, cif na kasuwa an tsara shi ne tsakanin digiri 0 zuwa 70, na masana'antu daga 40 ƙasa da sifili zuwa 85. A watan Afrilu a Sakkwato, Maiduguri ko Zinder iska kanta tana haura 40, balle cikin akwatin ƙarfe a rana. Pi yana rage gudu daga digiri 80. Bod ɗin da bishiyarsa ba ta bayyana ma'aunin zafi ba kuwa ba zai rage ba sam. Akwai kuma batun agogo: bod da yawa ba su da agogo mai batir, in aka ɗauke wuta sai su farka da tsohon kwanan wata, takardun shaidar tsaro na intanet su ƙi karɓuwa. DS3231 da batir ɗinsa sun magance wannan. Mai kafa na'ura mai bit 32 da ake son ta daɗe ya tuna da 19 ga Janairu 2038, ranar da tsohon lissafin lokaci zai cika ya juye. Gyaran yana bukatar kanel 5.6 ko sama, tare da laburaren tushe na manhajoji, musl 1.2 ko glibc 2.34 da aka gina da lokaci mai bit 64. Mitar da aka kafa yau da kanel 4.4 tana iya kaiwa wannan rana tana aiki.

Ga malaman jami'o'i da kwalejojin kimiyya, roƙonmu shi ne a daina zaɓar bod da farashi da yawan RAM. Arha ba ta ado. Kafin a saya a buɗe rumbun kanel a duba ko akwai .dts na wannan bod ɗin takamaimai, a duba ko U-Boot yana da saitinsa, a duba ko kamfanin ya saki littafin bayanin cif ba tare da an sa hannu a yarjejeniyar sirri ba. Texas Instruments, NXP, STMicroelectronics da Microchip suna sakin littattafai masu dubban shafuka, suna kuma kai direbobinsu babban reshe. BeagleBone Black na 2013 ba shi da gudu, amma ɗalibi zai iya bin sa daga ƙafar cif har zuwa kanel. Wajen gina manhaja a fara da Buildroot, wanda ke fitar da tsari mai 'yan megabayit. Yocto ya fi dacewa da kayan sayarwa, amma yana cin gomman gigabayit na faifai da sa'o'i na gini. A ajiye rumbun abubuwan da aka sauke a kwamfuta ɗaya a ɗakin gwaji kowa ya ɗiba daga nan, maimakon kowane ɗalibi ya ƙone datarsa.

Ga hukumomi irin su NITDA da ofishin kula da kwangilolin gwamnati, muna ba da shawarar a sa sharuɗɗan manhaja a takardar sayen duk wata na'ura da za ta yi shekaru a fili. Ɗan kwangila ya rubuta sunan cif da lambar kanel. Ya miƙa rubutun asali da umarnin ginawa, wani injiniya daban ya gina ya ɗora a gaban kwamiti kafin a biya. Ya faɗi shekarun da zai ci gaba da aiko da gyaran tsaro. Wannan ya ƙara zama dole tun da a 2023 aka sanar da cewa sababbin kanel na dogon zango ba za su riƙa samun alkawarin shekara shida ba, biyu za a fara da su. Mai son shekara goma sai ya bi waɗanda shirin CIP na Gidauniyar Linux ke kula da su. Tarayyar Turai ta riga ta yi doka a 2024 da ta ɗora wa masu ƙera irin waɗannan kaya nauyin gyaran tsaro na aƙalla shekara biyar a mafi yawan lokuta, za ta fara aiki gaba ɗaya a Disamba 2027.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne na makulli. Cif da yawa suna da wasu ƙananan fis a ciki da ake ƙonawa sau ɗaya tak, bayan nan ba za su tayar da kowace manhaja ba sai wadda aka sa wa hannu da makullin da ya dace. A na'urar POS da mitar wuta wannan daidai ne, ba a son kowa ya ɗora abin da ya ga dama. Amma lasisin kanel, GPL ta 2, bai tilasta wa kowa miƙa makulli ba. Ana iya ba ka rubutun asali duka, ka gina shi daidai, na'urar ta ƙi karɓa. Saboda haka a rubuta a cikin kwangila wanda zai riƙe makullin sa hannu, da inda za a ajiye kwafinsa idan kamfanin ya rufe ko ya bar ƙasar, a kuma tabbatar da hakan kafin a ƙona fis ɗin.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wasu injiniyoyin lantarki da manhaja,
Kano.